Ranar da Aka Yanke wa Ticha Waya

Layuka huɗu ne a gabana, duk suna walƙiya, amma idona ya kafe a kan na biyu. Lambar da ta fito, ko daga barci aka tashe ni zan karanto ta ba gargada.

Lambar mahaifina ce.

"Dufie!" Frimpomaa, sabuwar mai gabatar da shirin, ta daka min tsawa ta cikin abin kunnena, tana harara ta ta gilashin situdiyo. "Mutuwar zaune kika yi? Ki ba ni mai kira mana!"

Aikina ke nan a tashar rediyon. In ɗaga waya, in tambayi suna da unguwa, in zaɓi wanda Kumasi za ta ji. Shekara ɗaya da rabi ina yi, ban taɓa jinkirin ɗaga waya ba sai ranar Litinin ɗin nan.

Juma'ar da ta gabace ta sabon mai tashar ya sallami mutum goma sha tara. A bakin get aka miƙa musu takardu, ko hawa sama su ɗauko kofunan shayinsu ba a bar su ba. Cikinsu har da Sarfo, wanda ya shekara tara yana gabatar da Zauren Safe... Sarfo nawa. Da gari ya ɗauki surutu, sai mai tashar ya ce to, a buɗe layuka ranar Litinin, in masu sauraro suka ce a dawo da shi, zai dawo da shi.

Mutumin baƙo ne, bai san masu kiran garinmu ba. Ni na san su ciki da bai. Ba su fi talatin ba, su ne jiya su ne yau, har ƙungiya gare su da ke zama gindin mangwaro duk Lahadi in an taso daga coci. Kuma duk waƙar da mai kiran farko ya ɗauko, ita sauran ke amsawa har ƙarfe tara. Shugabansu shi ne Ticha Bediako na Bantama, tsohon hedimasta, wanda ya haife ni.

Ranar Lahadi da rana har ƙasa na durƙusa masa yana cin fufu.

"Agya, don Allah gobe kada ka kira."

"Ni? Tun kina firamare nake kiran tashar nan."

"To in ka kira ka tausaya masa... ka tausaya min."

Ya daɗe yana kallona, loma a hannunsa har miya na ɗiga. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Wannan shirun ne ya yaudare ni. Na ce a raina, in Agya ya faɗi alheri a farko, gari kaf zai bi shi, Sarfo ya dawo kujerarsa kafin azahar.

Na danna layi na biyu.

"Zauren Safe, wa ke kan layi?" in ji Frimpomaa.

"Ticha Bediako ne na Bantama."

"Ranka ya daɗe, Ticha! A dawo da Sarfo ko kuwa?"

Na runtse ido.

"'Yata, shekara talatin da biyar na yi ina koyar da yara, kuma abin da nake fara koya musu shi ne, in babba na magana ba a katse shi. Yaron nan yana da murya, ban hana shi ba. Amma murya ai ko jaki yana da ita! Kun manta shekara uku da suka wuce? Ina tsakiyar magana a kan kwatamin Bantama ya yanke min waya, ya sa muku kiɗa minti goma sha ɗaya! Wanda bai san girman furfura ba, kada a ba shi makirfo. Na gama."

Shi ke nan, aka ɓalle.

"Inda Ticha ya taka nan muka taka!" in ji Direba Nsiah na Tafo. "Yaro sai girman kai! Kana magana yana 'a taƙaita, a taƙaita', sai ka ce shi ya saya mana katin waya!"

"Ni abin da ya ƙona min rai," in ji wata mai kifi daga kasuwar Asafo, "rannan cewa ya yi kifinmu da ƙuda. Ƙudan gidan ubansa ne?"

Wata tsohuwa ce kawai daga Kwadaso ta ce, "Ku ji tsoron Allah, jama'a! Wa ya yi ta magana har aka gyara mana famfo?"

"Layin ba kyau, Maame," in ji Frimpomaa, ta datse ta.

Daga baya na ji cewa Frimpomaa ta je gindin mangwaron ranar Lahadi ta raba katin waya. Da ma abu biyu take nema tun da ta zo tashar, Sarfo da kujerar Sarfo, ta rasa na farko ta ce ba za ta rasa na biyu ba. Amma ban ɗora mata laifin duka ba. Mutanen nan su ne ke cika masa ofis da doya da ayaba duk Kirsimeti, su ne ke raɗa wa 'ya'yansu sunansa. Gaskiya ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ni kuwa ina zaune ina ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan maɓallan.

*

Maganar minti goma sha ɗayan nan ita ce ƙashin da ya tsaya mana a wuya. Lokacin da abin ya faru ina makaranta a Sunyani, a bakin mutane na ji. Agya bai fasa kira ba, ya ce ba yaro ne zai kore shi daga zauren da ya riga shi shiga ba, amma tun daga ranar sunan Sarfo bai ƙara fita daga bakinsa ba. Wata biyu kafin a sallame shi kawunan Sarfo suka zo ƙwanƙwasa ƙofarmu da kwalaben giya biyu, yadda ake neman aure a wurinmu. Agya ya ba su kujeru, ya ba su ruwa, ya saurare su tsaf. Sannan ya ce su ɗauki kwalabensu.

Ranar Litinin ɗin ina tashi daga aiki na hau mota zuwa Krofrom, unguwar su Sarfo. Na tarar da Sarfo a baranda, ƙaramin rediyonsa a kife a kan cinyarsa.

"Odo..." na kira shi da sunan da muke kiran juna.

"Kin ci abinci?"

Abin da ya fara tambaya ke nan. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ya miƙo min wayarsa. Saƙon Frimpomaa ne: *Ka tambayi masoyiyar taka wa ya zaɓi mai kiran farko.*

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne... na zaci zai sassauta, Odo, na rantse na zaci..."

"Layi huɗu ne a gabanki, Dufie. Ni na koya miki aikin nan."

"Ka yafe min!"

"Na yafe. Ticha ma ba na jin haushinsa."

"To ni ina jin naka!" Na fashe. "Sau nawa zan tambaye ka? Me ya faru ranar nan? Me ya sa ka yanke masa waya?"

"Ƙarar rediyonsa ce ta yi yawa."

"Don ƙarar rediyo ake sa kiɗa minti goma sha ɗaya? Ka ɗauke ni yarinya?"

Ya yi ɗan murmushin nan nasa da ke sa in ji kamar in shaƙe shi in kuma rungume shi.

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Sannan ya gaya min. Wansa yana da shagon tayil a Accra, ya ce ya zo ya taya shi tsaro. Juma'a ta sama zai tafi.

"Ni fa?"

"Mahaifinki ya mayar da kwalabena, gari ya mayar da ni. Ba zan iya ratsa Adum, tsakiyar gari, ana nuna ni da baki ba. Kuma ba zan ɗauke ki ba da yawunsa ba, Dufie. Ke kaɗai kika rage masa."

"Ni kuma wa ya rage min?"

Ya kama hannuna ya riƙe, muka zauna muna kallon wata mata tana shanya a gidan da ke gaba.

*

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Frimpomaa ba ta shafa ba. Kwana tara ta yi a kujerar aka liƙa takarda a bango: daga ƙarfe tara na ranar Juma'a an rufe Zauren Safe, tashar za ta riƙa ɗauko shiri kai tsaye daga Accra. Ashe tun farko haka aka shirya, buɗe layin nan duk wasa da hankali ne. Na tarar da ita a banɗaki tana kuka, kwallin ido ya zubo mata har haɓa. Ƙarya nake in na ce na tausaya mata.

Ni aka ba aikin share tsofaffin muryoyi daga na'ura. Na'urar tana naɗar duk abin da ya bi ta layin waya, wanda gari ya ji da wanda bai ji ba. Ranar Alhamis da rana ina cikin sharewa, shekara bayan shekara, sai na iso watan da ya biyo bayan rasuwar uwata.

A watan ne aka yanke wa Agya waya.

Na nemo ranar. Na sa abin kunne.

"Ticha, barka da dawowa!" Muryar Sarfo ce. "Kwana arba'in zauren nan ba daɗi. Allah ya ƙara haƙuri."

"Na gode, ɗana."

Ɗana! Ashe da haka yake kiransa.

Agya ya fara maganar kwatami, amma kowace kalma sai ta dawo sau biyu, ga wani ƙugi yana tashi. Haka ake yi in mai kira ya bar rediyonsa a kunne kusa da waya.

"Ticha, rediyonka na amsa-kuwwa, a ɗan rage shi."

Sai na ji Agya ya ɗaga murya, yadda na saba ji kullum tun ina ƙarama.

"Konadu! Konadu, zo ki fitar da rediyon nan!"

Shiru.

Konadu uwata ce. Duk safiyar duniya, da zarar Agya ya samu layi, ita ke zuwa ta ɗauke rediyon ta fitar tsakar gida, ta ɗora a kan turmi, tana fifita gawayi tana sauraronsa. In ya gama ta leƙo ta ce, "Ticha, yau ka ja da tsawo." Ranar kwananta arba'in da ɗaya a ƙasa.

Abin da aka faɗa a situdiyo sai bayan sakan bakwai yake isa rediyon mutane. An yi haka ne don in wani ya ɗura ashar a datse kafin gari ya ji. A cikin sakan bakwai ɗin nan Sarfo ya danna maɓalli. Kumasi ba ta ji sunan uwata ba, kiɗa ta ji.

Amma bai ajiye wayar ba.

Na ji wani sauti da ban taɓa ji ba a rayuwata. Sai da na ɗan jima na gane mahaifina ne ke kuka. Mutumin da ya zauna kwana uku cikin baƙin zane yana gaisawa da masu makoki, idonsa a bushe ƙamas, ana cewa kai, Ticha namiji ne! A wurinmu namiji ba ya kuka, balle hedimasta.

"Ina nan, Ticha," in ji Sarfo a hankali. "Ba wanda ke ji, ni kaɗai ne. Na sa musu kiɗa."

"Ta tafi, ɗana... ta tafi ta bar ni da rediyo..."

"Yi kukanka, Ticha. Faifan da tsawo."

Faifai uku ya sa. Ana buga masa gilashi, ana nuna masa agogo, ina jin bugun a cikin naɗin, bai kula ba. Daga ƙarshe Agya ya fyace hanci, muryar hedimasta ta dawo.

"Ba ka ji komai ba."

"Ban ji komai ba, Ticha."

Na kifa kaina a kan tebur na yi kukan uwata sabo.

*

Na kwafe muryar a wayata, na tarar da Sarfo yana ɗaure kwalaye.

"Na ji! Na ji duka! Gobe zan sa shi, gari ya ji, kowa ya san wanda ya zaga!"

Ban taɓa ganin fuskarsa ta canza haka ba.

"In kika sa shi, ko a hanya muka haɗu kada ki gaishe ni."

"Sarfo! Sunanka fa! Aurenmu fa!"

"Ni aiki na rasa. Shi in aka sa wannan me ya rage masa? Ba mata, ba makaranta, girman nan ne kawai yake tashi da shi da safe."

"Amma ya sani! Ya san abin da ka yi masa, ya kalli gari ya ce maka jaki!"

"Shi ya sa ba ya iya kallona. Duk sanda ya gan ni, ranar nan yake gani. Wa zai so surukin da zai riƙa shigo masa gida da wannan a idonsa?" Ya miƙo hannu. "Share shi, Odo. A gabana."

Na share ina kuka. Ya share min hawaye da bayan hannunsa, ya ce motar ƙarfe bakwai da rabi zai hau, kada in zo rakiya, ina da shirin ƙarshe da zan yi.

Da na isa gida rana ba ta faɗi ba. Agya yana zaune a falo da jan biro yana gyara wa jarida kurakurai, yadda yake yi kullum. Rediyon na kan tebur kusa da gwiwar hannunsa. Ban gaishe shi ba. Na ɗauki rediyon na fita da shi tsakar gida, na ɗora a kan turmi.

Da na juyo yana tsaye a bakin ƙofa, biron na hannunsa.

"Shi ya gaya miki?"

"Na'ura ce. Shi har yau cewa yake bai ji komai ba."

Ya kalli rediyon a kan turmi.

"Gobe da safe zai bar garin, Agya."

"Allah ya kiyaye hanya."

Shekarata ashirin da shida ban taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar idonsa ba. Ranar na kalla.

"Ya rufa maka asiri, kai ka tona masa wanda ba shi da shi. Ka ci amanarsa, Agya. Da Maame na nan da ta gaya maka."

Na zaci zai mare ni. Sai ya juya ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Abincin da na ajiye masa haka na ɗauke shi da safe.

*

Juma'a ƙarfe shida na buɗe layuka. Na ɗaya ya kama, na uku, na huɗu. Na biyu, wanda kowa ya san na Ticha ne, yana nan duhu.

Ku zo ku ji mutanen garinmu!

"Wai da gaske ne daga yau shi ke nan?" in ji Direba Nsiah. "To ramukan titin Tafo wa za mu gaya wa? Mutumin Accra ya san Tafo? Kai, da Sarfo na nan da ba a yi mana haka ba!"

"Frimpomaa, ki yi haƙuri in faɗa miki, ba ki iya ba," in ji mai kifin Asafo. "Ana gaya miki matsala kina dariya. Shi Sarfo ko zagin kifinmu ya yi, washegari sai da aka zo aka kwashe bolar!"

Su ne fa. Su ɗin dai na wancan makon. Da ina da hali da na bi su gida-gida na ja musu kunne.

Bakwai da rabi ta yi, na san mota ta tashi. Takwas ta wuce. Na daina kallon agogo, na daina jin abin da suke faɗa.

Tara saura minti goma sha uku, layi na biyu ya kama.

"Agya..."

"Yi aikinki."

"Zauren Safe. Suna da unguwa?"

"Bediako. Bantama."

Ba Ticha. Na haɗa shi.

Yana buɗe baki ƙugi ya tashi, kalmominsa na dawowa bibbiyu. Ashe ya shigo da rediyon ya kunna a gefensa.

"Ticha, rediyonka..." in ji Frimpomaa.

"Na sani, 'yata. Ku yi haƙuri da shi haka. Mai fitar min da shi ta mutu."

Sauran layukan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu jira sun ajiye waya sun koma ga rediyo.

"Jama'ar Kumasi, na yi muku ƙarya. Shekara uku ina yi muku ƙarya. Yaron nan bai wulaƙanta ni ba. Ranar nan matata na kira, na manta ta mutu... na kira ta ta zo ta ɗauki rediyo..."

Muryar ta karye.

Frimpomaa ta kai hannu ga maɓalli, ta kalle ni ta gilashi. Na girgiza mata kai.

"Kada ki yanke!" in ji Agya, kamar yana ganinta. "An taɓa yanke min don a rufa min asiri, na saka da sharri. Yau ku ji! Kiɗan nan da kuka sha minti goma sha ɗaya, kukana ake rufewa da shi. Yana kan waya da ni har na gama. Ni kuwa kunya ta sa na tsane shi. Na hana shi aikinsa... na hana shi 'yata..."

Yana kuka, rediyonsa na maimaita kukan, Kumasi duka na ji. Frimpomaa ta cire abin kunnenta ta rufe fuska.

"Kwaku Sarfo, in kana jina... ɗana, in kana jina..."

Na kalli agogo, raina ya yi baƙi. Tasharmu ƙarama ce, da an kusa Konongo a hanyar Accra take ɓacewa. Na ce shi ke nan, Sarfo ya riga ya wuce, Agya ya zubar da girmansa a banza.

Tara saura minti biyu, layi na huɗu ya kama. Na ɗauka don sabo.

"Zauren Safe. Suna da unguwa?"

"Sarfo... daga bakin titi."

Ina jin manyan motoci na wucewa ta bayansa.

"Direban motar, tasharmu ya kama a rediyonsa. Ticha na magana ta fara shaƙewa, na ce ya sauke ni, ya ce ba tasha ba ce, na ce zan dira ta taga. Ina wurin wata mai lemo, ta ara min rediyonta. Kayana sun wuce Accra." Yana haki. "Me ya sa kika bar shi ya faɗa, Dufie? Me ya sa ba ku yanke ba?"

"Shi ya hana..."

"Haɗa ni da shi, Odo. Yi sauri!"

Na danna.

"Ticha..."

Kalmar da Kumasi ta ji ke nan. Tara ta buga, kiɗan buɗe shirin Accra ya faɗo a kai, wani mutum da bai taɓa ganin kwatamin Bantama ba ya fara yi mana barka da safiya. Zauren Safe ya ƙare.

Amma layukan biyu suna nan haɗe a kan teburina.

"Ɗana..."

"Ina nan, Ticha. Ba wanda ke ji."

Na zare abin kunnena na ajiye. Na zauna ina kallon fitilu biyu suna ci. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Da na koma gida na tarar da Agya ya cinye abincin rana tas, yana wanke hannu ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Ki gaya wa kawunansa ƙofar nan ba sakata."

*

Ba a mayar da Sarfo ba. Cikin sha taran nan ba wanda aka mayar, ni ma a bakin get na karɓi tawa takardar. Mutane sun yi ta kiran tashar mako guda, ba mai ɗagawa, har suka gaji. Ƙungiyar gindin mangwaro ta watse, don ba a taro a kan abin da ba za a faɗa wa kowa ba.

Wannan karon Agya ya karɓi kwalaben. Aka ɗaura mana aure, muka tare a ɗaki ɗaya a Accra, Sarfo na auna wa mutane tayil da muryar da a da ke tashin gari guda daga barci. Wani lokaci mai saye ya ce, "Kamar na san muryar nan," sai ya ce a'a, kama ce.

Washegarin tarewarmu, ƙarfe shida daidai, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya kalle ni, ya gyara zama a bakin gado.

"Zauren Safe, wa ke kan layi?"

"Ticha Bediako ne na Bantama. Ina so in yi magana a kan kwatamin nan..."

"Muna jinka, Ticha. Amma a taƙaita, a taƙaita!"

"Ka ji mara kunya!"

Haka suka yi ta yi kullum. Kwatami, kuɗin mota, limamin cocinmu da ke jan wa'azi. Ko ni 'yarsa sai an gama shiri ake ba ni waya. Wata goma ba fashi.

Ran nan shida ta yi, wayar ba ta yi ƙara ba. Shida da minti biyar. Da kwata. Sarfo ya kira, ta yi ta ringi. Sai maƙwabciyarmu ta Bantama ce ta ɗaga. Ta ce ta same shi a kujera, waya a hannu, gilashinsa a ido.

A wurin makoki masu kira duk sun zo cikin ja da baƙi, har Direba Nsiah, har mai kifin Asafo. Sarfo ya tsaya gaban gawar ya yi kuka a bainar jama'a, ba wanda ya ce masa namiji ba ya kuka.

Cikin kayan Agya rediyon kawai na roƙa.

Yau wata bakwai ke nan. Har yanzu Sarfo na farkawa shida saura, ya zauna a bakin gado, ya ajiye wayar a kan gwiwarsa. In shida ta gota sai in tashi in ɗauki rediyon in fita baranda, in ja masa ƙofa, in ƙara murya, in hau fifita gawayi.

In ya fito, idonsa ja, sai ya tsaya a kaina.

"Kin ji wani abu?"

"Ban ji komai ba, Odo."